Hanyar Kwatano Zuwa Malanville: Kilomita 730, Ƙofa Ɗaya

Duk wanda ke cin kasuwar Malanville, ko Gaya, ko Kamba, ko Lolo, ya san cewa tun a kan hanya ake yanko farashin kaya kafin su iso rumfa. Garin rogon da ya taso daga Dassa, da doyar Glazoué, da dilar gwanjon da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, da albasar da mu mutanen Garou muke lodawa zuwa kudu, kowannensu akwai kuɗin hanya a cikin kuɗinsa. Idan kwalta ta yi kyau, kuɗin ya ragu. Idan ta farfashe, ko gada ta karye, ko hukuma ta garƙame iyaka, to mai saye da mai sayarwa su ne ke biya.

Hanyar da muke nufi ita ce wadda a takardun gwamnatin Jamhuriyar Benin ake kira RNIE 2, wato ta biyu cikin manyan hanyoyin da ke haɗa ƙasar da maƙwabtanta. Mu a nan arewa hanyar Kwatano muke ce mata. Tsawonta kimanin kilomita 730 ne, daga bakin teku har bakin kogin Kwara, wanda 'yan'uwanmu Dandawa da Zabarmawa ke kira Isa. A wannan rubutu za mu bi ta gari-gari, mu dubi yadda aka yi ta samu, sannan mu dubi raunin da ta tashi da shi tun farko: hanya ce doguwa da aka rataya arzikinta duka a kan ƙofa ɗaya, wato gadar da ke tsakanin Malanville da Gaya.

Yadda hanyar ta ratsa ƙasa

Motar da ta yi lodi a Kwatano takan fita ta Godomey da Abomey-Calavi, ta wuce Allada, ta isa Bohicon bayan tafiyar kimanin kilomita 130. Wannan yanki shi ne ya fi cunkoso, domin duk motar da za ta arewa, ko Nijar za ta ko Burkina Faso, nan take bi. A Dassa, kimanin kilomita 200 daga teku, hanya ta rabu biyu. Ta hannun hagu ta nufi Savalou da Djougou da Natitingou har iyakar Burkina. Tamu kuwa ta miƙe ta Glazoué, ta ƙetare kogin Ouémé, ta bi Savè da Tchaourou, ta shiga Parakou, babban birnin arewa, wanda ke da nisan fiye da kilomita 400 daga Kwatano.

Daga Parakou saura kimanin kilomita 320. A N'Dali akwai reshen da ya yi gabas zuwa Nikki da iyakar Chikanda ta Nijeriya. Daga nan sai Bembèrèkè, sai Gogounou mai kasuwar shanu, sai Kandi, ƙasar auduga. A Kandi ma hanya ta gitta: yamma zuwa Banikoara, gabas zuwa Ségbana da iyakar jihar Kebbi. Daga Kandi a yi tafiyar kimanin kilomita 100, a bi gefen dajin W, a wuce Guéné inda hanyar Karimama ta rabu, a wuce Bodjécali, sai ga Malanville. Wanda ya ƙetare gada ya shiga Gaya, daga nan Doso, daga Doso kuma ko ya yi yamma zuwa Yamai, ko gabas zuwa Birnin Ƙonni da Maraɗi da Damagaram. Daga Kwatano zuwa Yamai an haura kilomita dubu.

Mai karatu zai lura cewa kowane zango da abin da yake zubawa a kan hanyar. Kudu na turo manja da abarba da kayan teku. Tsakiyar ƙasa na turo doya da gari da masara da yazawa. Arewa na turo auduga da dawa da dabbobi. Mu na bakin kogi muna turo albasa da shinkafa da tattasai da busasshen kifi. A kasuwar Malanville ake haɗuwa, shi ya sa ake ƙirga ta a matsayin ta biyu a ƙasar bayan Dantokpa ta Kwatano.

Kafin kwalta, hanyar goro

Kakanninmu fatake ba kudu suka sa gaba ba. Hanyarsu daga gabas take zuwa yamma. Ayari kan taso daga Kano ko Katsina ko Sakkwato da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafin rini da kayan fata, ya ƙetare Kwara a mafitai irin su Illo da Gaya da Yawuri, ya ratsa ƙasar Bargu ta Kandi ko Nikki, ya yada zango a Parakou ko Djougou, ya nufi Salaga ta ƙasar Gwanja domin sayen goro. A shekarar 1826 Baturen Ingilan nan mai yawon binciken ƙasa, Clapperton, ya gamu da irin wannan ayari na Hausawa a ƙasar Bargu yana dawowa daga Gwanja. Unguwannin baƙi da suka kafu a waɗannan garuruwa, da yadda harshen Dandanci da Hausa suka zama harsunan ciniki a cikinsu, duk gadon wannan zamani ne.

Abin da ya kamata mu lura da shi a nan shi ne, madugu yana da zaɓi. Idan sarkin wani gari ya tsauwala kuɗin fito, ko aka ji labarin 'yan fashi a wani daji, sai ya karkata ayari ya bi wata mafita. Kogin dogo ne, mafitai kuma da yawa.

Zuwan Turawa ne ya juya hanyar. A yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a watan Yuni na 1898, suka raba ƙasar Bargu biyu: Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila. Daga ranar, hanyar goro ta zama mai ƙetare iyakoki, Faransa kuma ta shiga neman yadda za ta haɗa ƙasashen da ta mallaka a bakin Kwara da teku ba tare da ta taka ƙasar Ingila ba. Mafita ɗaya gare ta: ta miƙe daga Kwatano zuwa arewa. Shi kansa garin Malanville a kan wannan lissafi ya girma. Asalinsa ƙauyen masunta ne da ake kira Tassi, wato yashi da Dandanci, daga baya aka laƙaba masa sunan Malan, wani gwamnan Dahomey na zamanin mulkin mallaka.

Dogon da ya tsaya a Parakou

Da farko jirgin ƙasa Turawa suka yi niyyar kawowa har bakin kogi. An fara shimfiɗa dogo daga Kwatano a 1900, amma bai isa Parakou ba sai a 1936, bayan kilomita 438. Nan ya tsaya, kuma har yau bai ƙara gaba ba. Sauran tafiyar zuwa Malanville sai a mota, a kan hanyar burji, a ƙetare kogi a jirgin fito.

A wancan lokaci gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta Nijeriya take fita, domin dogon Ingila ya riga ya isa Kano tun 1911, ya kuma kai Ƙauran Namoda da Nguru. Wannan bai yi wa Faransa daɗi ba. Saboda haka a ƙarshen 1953 ta ɓullo da wani tsari da ta kira Hirondelle, wato tsattsewa, tsuntsuwar nan mai kai da komowa. Dabarar ita ce a haɗa jirgin ƙasa da manyan motoci a ƙarƙashin tsari ɗaya: jirgi ya kawo kayan Turai zuwa Parakou, motoci su kwashe zuwa Nijar, su dawo da gyaɗa kada su komo fanko, hukuma kuma ta daidaita kuɗin dako yadda hanyar Kwatano za ta iya gogayya da ta Kano duk da ta fi ta nisa.

Abin da ya cika wannan tsari shi ne gadar da aka gina tsakanin Malanville da Gaya a 1958. A 1959 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Dahomey da Nijar mai kula da dogo da sufuri, wadda bayan an sauya sunan ƙasa zuwa Benin a 1975 aka san ta da OCBN. A 1965 kuma aka buɗe tashar jiragen ruwa mai zurfi ta Kwatano. Da waɗannan abubuwa uku, tasha da dogo da gada, Kwatano ta zama ƙofar tekun Nijar. Da aka fara haƙo yuraniyom a Arlit a 1971, shi ma nan ya riƙa bi: a mota har Parakou, a jirgi har teku. Da zirga-zirga ta yi wa tsohuwar gada yawa, aka gina ta biyu a kusa da ita tsakanin 1988 da 1989.

Sannu a hankali dogo ya tsufa, taragai suka lalace, jirgin fasinja ya daina tafiya, kaya suka koma kan kwalta gaba ɗaya. An yi yunƙurin farfaɗo da shi. A 2014 kamfanin Bolloré na Faransa ya fara shimfiɗa dogo daga Yamai zuwa Doso, kimanin kilomita 140, aka ƙaddamar da shi a farkon 2016 da niyyar ya gangaro ta Gaya ya haɗu da na Parakou. Sai dai shari'a ta ɓarke tsakaninsa da kamfanin Petrolin na attajirin Benin Samuel Dossou kan wanda ke da haƙƙin aikin, kotunan Benin suka ba Petrolin gaskiya, aiki ya tsaya. Sakamakon haka, ga dogo a kudu ya tsaya a Parakou, ga wani a arewa ya tsaya a Doso, mu kuma muna tsakiya ba mu taɓa jin kukan jirgi ba.

Abin da ke cinye kwalta

Da dogo ya kwanta, nauyin da aka tsara wa ƙarfe sai ya hau kan kwalta. Ga shinkafa, ga siminti, ga mai, ga gwanjon da manyan 'yan kasuwar Gaya ke tarawa a rumbunansu, ga motocin hannu da ake korowa daga Kwatano a jere, waɗanda da yawansu ta Nijar suke zagawa su shiga Nijeriya. Kwalta kuwa ba ta da ƙarfin dogo.

Masana aikin hanya sun daɗe da gano wani lissafi da ya kamata kowane mai mota ya sani. Ɓarnar da mota ke yi wa kwalta ba daidai take tafiya da nauyinta ba, ninkawa take yi. Idan aka ninka nauyin da ke kan layin tayoyi ɗaya sau biyu, ɓarnar takan ninka har kusan sau 16. Wato tirela ɗaya da aka yi wa lodin ganganci tana cin hanya fiye da tireloli goma masu lodin ƙa'ida. Dalilin da ya sa ke nan ƙungiyar ƙasashe masu amfani da kuɗin sefa, UEMOA, ta kafa doka mai lamba 14 a 2005, wadda ta ƙayyade nauyin da kowane layin tayoyi zai ɗauka, aka kuma kafa wuraren biyan peyaj da auna manyan motoci irin na Diho kusa da Savè da na Sirarou a arewa da Parakou.

Mun san hujjar masu motoci. Kuɗin dako bai taka kara ya karya ba, mai ya yi tsada, ga shingaye a hanya, sau da yawa kuma mota fanko take komawa kudu. To mai mota sai ya ce bari ya fanshe a lodi ɗaya. Amma ribar da ya ci yau, gobe zai mayar da ita wajen bakanike da mai sayar da taya, mu kuma mu biya ta a farashin buhu. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa, amma a nan bakinmu ne duka.

An sha gyara. A shekarun 2010 an sake gina yankin Akassato zuwa Bohicon da kuɗin ƙasar Sin. An samo kuɗi daga Bankin Raya Ƙasashen Musulmi domin gyaran yankin da ya fi shafarmu, daga Béroubouay ta Kandi zuwa Malanville, kimanin kilomita 169. A watan Disamba na 2022 kuma hukumar MCC ta Amurka ta sa hannu da Benin da Nijar kan tallafin dalar Amurka miliyan 504, domin gyaran Bohicon zuwa Dassa a nan, da Doso zuwa Yamai a can. Bayan juyin mulkin Nijar na 2023 aka dakatar da kason Nijar.

Ba kaya kaɗai ake asara a kan wannan hanya ba, har da rayuka. A ranar 29 ga Janairu 2023 wata motar fasinja ta yi karo da babbar mota a Dassa, wuta ta tashi, fiye da mutum 20 suka rasu. A watan Agusta na 2025 wata bas da ta taso daga Lome da fasinjojin Nijar ta faɗa kogin Ouémé daga kan gada a Thio, cikin yankin Glazoué, gomman mutane suka rasu. Mafi yawan hanyar layi ɗaya ne na zuwa ɗaya na dawowa, tirela da bas da babur da garken shanu duk a kai. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Ranar da ƙofa ta rufe

Duk waɗannan matsaloli suna rage gudun hanya ne. Abin da ke kashe ta gaba ɗaya shi ne rufewar ƙofar arewa, kuma ba sau ɗaya hakan ta faru ba.

Dattawanmu ba su manta da ƙarshen 1963 ba, lokacin da rikici ya tashi tsakanin Dahomey da Nijar kan tsibirin Lété da kuma korar ma'aikata 'yan Dahomey daga Nijar. Dahomey ta toshe wa kayan Nijar hanya, sai da aka zauna sulhu kafin motoci su ci gaba da wucewa. Maganar tsibirin kuwa ba ta mutu ba sai ranar 12 ga Yuli 2005, da Kotun Duniya ta yanke hukunci: cikin tsibirai 25 da ke tsakanin ƙasashen biyu, ta ba Nijar 16 har da Lété, ta ba Benin 9, ta kuma nuna inda iyaka ta ratsa a kan gadojin nan biyu. Ƙasashen biyu suka karɓi hukunci ba tare da an harba bindiga ba.

A watan Satumba na 2018 ruwa ne ya rufe ƙofar. Bayan mamakon ruwan sama, wata gada da ke kan wannan hanya a Malanville ta karye, manyan motoci suka yi jerin gwano ta kowane ɓangare har sai da aka yi hanyar ratse. A watan Agusta na 2019 kuma Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta fara buɗewa ba sai Disamba 2020, ita kuwa Kamba sai a Afrilu 2022. Duk da ba gadarmu aka rufe ba, kayan da ke zagawa ta Nijar su shiga Nijeriya sun maƙale, kasuwanninmu suka ji a jikinsu.

Amma mafi tsanani shi ne abin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai. Ranar 30 ga watan, ƙungiyar CEDEAO, wato ECOWAS, ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, Benin ta rufe iyaka. Ɗaruruwan manyan motoci suka yi cirko-cirko a Malanville, wasu da abinci, wasu da magani, direbobi da yaran mota suka yi makonni suna kwana a ƙarƙashin tirela. Ranar 24 ga Fabrairu 2024 aka ɗage takunkumi, Benin ta buɗe nata ɓangare, amma hukumomin Nijar suka bar nasu a rufe, suna kafa hujja da tsaro, gadar kuma a toshe da kwantenoni. A watan Mayu na 2024 rikicin ya kai ga bututun man da ya taso daga Agadem zuwa Sèmè, mai tsawon kusan kilomita 2,000, har Benin ta hana lodin mai na ɗan lokaci, ta kuma hana fiton kwale-kwale a Malanville. Tsofaffin shugabannin Benin biyu, Nicéphore Soglo da Boni Yayi, suka je Yamai neman sulhu a watan Yuni na wannan shekara. Mai ya koma gudana, amma 2024 ta ƙare, 2025 ma ta ƙare, manyan motoci ba su koma hawa gadar ba.

Kafin wannan rikici, mafi yawan kayan da Nijar ke shigowa da su ta teku ta Kwatano suke bi. Da aka rufe, sai suka koma tashar Lome, su ratsa Burkina Faso a ayari da rakiyar soja, hanya mai nisa da tsada da haɗari. Su kuwa ƙananan 'yan kasuwa da fasinjoji, kwale-kwale ya zama gadarsu. Duk wanda ya yi fiton kaya ya san bambancin. Ta kan gada, lodi ɗaya ne daga Malanville har Doso. Ta ruwa kuwa, a sauke daga mota, 'yan dako su kai bakin ruwa, a loda a jirgi, a sauke a tsallake, a sake lodawa a wata mota. Kowane hannu da kuɗinsa, kowane saukewa da buhun da zai fashe ko ya jiƙe. Albasa da tumatir kuma ba su san jira ba.

Kada mu manta cewa a cikin wannan hali wasu sun samu. Masu jiragen ruwa da 'yan dako da 'yan kabu-kabu sun ga kuɗin da ba su taɓa gani ba. Amma masu masauki da masu abinci da bakanikai da masu fitar da kaya a duwan, waɗanda rayuwarsu ta dogara da tirelolin da ke kwana a gari, sun ga akasin haka, tun daga Malanville har Kandi da Parakou. A kan wannan kuma aka ƙara matsalar tsaro a dajin W, inda gwamnati da kanta ta ce an kashe sojoji 54 a harin Afrilu 2025. Direban da ya saba tafiyar dare ya koma lissafin inda rana za ta faɗi masa.

Garou da reshen gabas

Garinmu Garou ba a kan babbar hanyar yake ba. Yana gabas da Malanville, a kwarin kogi, kan reshen da ya rabu daga Bodjécali ya nufi Madécali da iyakar Nijeriya, inda ake ɓullawa Lolo da Illo a ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi. Yana ɗaya daga cikin gundumomi biyar na ƙaramar hukumar Malanville, tare da Guéné da Madécali da Toumboutou da Malanville kanta, waɗanda ƙidayar 2013 ta samu mutum fiye da 168,000 a cikinsu. A zamanin mulkin Boni Yayi aka ɗauko aikin shimfiɗa kwalta a wannan reshe, da kuma na Kandi zuwa Ségbana.

Idan aka kwatanta da babbar hanya, wannan reshe ɗan guntu ne. Amma wanda ya dubi taswira zai ga cewa sawun fatake ya bi: gabas da yamma, ta wajen Illo, inda ayarin goro ke ƙetare kogi tun kafin a san Malanville. Shekarun rufe gada sun nuna mana amfaninsa. Da ƙofar arewa ta toshe, ƙofofin gabas ne suka rage. Daga Lolo ana fito zuwa Dole Kaina, daga nan Kamba ba nisa, Kamba kuma maƙwabciyar Gaya ce. Manomin da albasarsa ta rasa hanyar Gaya yana da kasuwar Lolo, yana kuma da babbar hanya zuwa Parakou da Dantokpa.

Wannan ba yana nufin reshe zai maye gurbin gada ba. Kuɗi ma daban ne: nan sefa, can naira, kuma wanda ya riƙe naira a 2023 da 2024 ya ga yadda ta zube a hannunsa. Cire tallafin mai da Nijeriya ta yi a ƙarshen Mayu 2023 ya sauya lissafin duk mai sayar da man kwalba a bakin hanya. Ga kwastan, ga duwan, kowa da takardarsa. Sannan idan kogi ya cika a watannin Agusta da Satumba, gonakin kwari da hanyoyin ƙauye duk ruwa ke shanye su, amfanin gona ya rasa yadda zai fito kan kwalta. Duk da haka, ƙofa biyu ta fi ɗaya.

Abin da ya kamata mu riƙe

Na farko, ɗan kasuwar kan iyaka kada ya zuba jarinsa duka a kan ƙofa ɗaya. Tarihin da muka bi ya nuna an rufe a 1963, ruwa ya rufe a 2018, Nijeriya ta rufe nata a 2019, an sake rufewa a 2023. Wanda ke da abokin ciniki a Gaya, ya nemi wani a Kamba ko Lolo, ya nemi wani a Parakou. Wanda ke ba da kaya bashi zuwa tsallake, ya rage yawan abin da yake saki a lokaci ɗaya. Wanda ke da hali ya gyara rumbun ajiya, domin albasar da aka adana da kyau ita ke jiran kasuwa, wadda aka zube a rana kuwa dole a sayar da ita yadda mai saye ya ga dama.

Na biyu, ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi su daina ɗaukar maganar lodin ganganci a matsayin rigimar mai mota da ma'aikacin sikeli. Hanyar tamu ce. Mai kaya da ya matsa wa direba ya ƙara tan biyar yana cikin masu haƙa ramin da motarsa za ta faɗa baɗi. Su kuma hukumomi, idan za a auna a auna kowa, babba da ƙarami, a kuma rage shingayen da ke sa mai mota neman inda zai fanshe.

Na uku, idan 'yan siyasa suka zo neman ƙuri'a, mu tambaye su ƙananan hanyoyin da ke fito da amfanin gona daga ƙauyukan kwari zuwa kwalta, da magudanan ruwa, da duba lafiyar gadoji kafin damina. Babbar hanya ba ta amfanar manomin da buhunsa ya kasa isa gare ta. Mu kuma tambaye su dogon da aka yi wa kakanninmu alkawari, wanda ya tsaya a Parakou tun 1936.

Na huɗu, ga shugabannin Kwatano da na Yamai. Mutanen Gaya da na Malanville dangi ne, harshe ɗaya, kasuwa ɗaya, kuɗi ɗaya, auratayya kuma ba ta san tsakiyar kogi ba. Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairu 2025, amma teku bai matso kusa da ita ba, Kwatano kuma ba ta samu wata ƙasar da za ta cika mata tasha kamar Nijar ba. Ƙasashen da suka iya kai rigimar tsibiri gaban alƙali suka kuma karɓi hukunci a 2005, ba za su rasa yadda za su tsara tsaron gada ɗaya ba. Duk lokacin da saɓani ya taso, a nemi wata hanyar nuna fushi, a bar wa talaka gadarsa.

Allah Ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka, Ya kai matafiya gida lafiya.